Maɓallai Bakwai a Cikin Bokiti

Shekara talatin da ɗaya ke nan ƙarfe takwas na safe ba ta taɓa yi ba sai ta same shi a ƙarshen gadar katakon nan da ta kutsa cikin teku, da bokitinsa a hannu. Shi ya sa kowa a tashar binciken teku inda yake aiki, tun daga mai gadi har direba, Mai Bokiti suke ce masa. In ka kira shi da sunansa na ainihi ma sai ya waiga ya ga da wa ake. Aikin a ido ba wani abu ba ne. Zai zura bokiti da igiya ya jawo ruwa, ya tsoma ma'aunin zafi, ya auna yawan gishirin, ya duba ko ruwa cika yake ko janyewa, ya rubuta. Sannan ya ja wata raga mai laushi, wadda idonta ya fi na rariya ƙanƙanta, daga wannan turke zuwa wancan, sau biyar, ba huɗu ba, ba shida ba. Abin da ya taru a gindin ragar ya juye shi a kwalba ya kai ɗakin bincike.

Ni da kai ruwa kawai za mu gani a kwalbar, wataƙila da ɗan gurɓi-gurɓi. Amma a ɗiga ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, sai ka ga gari guda yana hada-hada. Masana na ce musu filankiton, wato ƙananan halittun da ba su da ƙarfin ja da ruwa, inda igiya ta nufa nan suka nufa. Su ƙananan kifaye ke ci, manya su ci ƙanana, mu kuma mu ci manyan mu yi gyatsa, ko sannu ba mu ce musu. Aikin Mai Bokiti shi ne ya ƙirga su iri-iri ya rubuta. Littafi biyu yake cikawa a shekara, sun kai sittin da biyu, suna jere a sito bayan ɗakin bincike.

To, waɗannan littattafan ne aka ce za a zubar.

Takarda ce ta zo daga hedkwata, irin wadda mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a teku ba yake sa wa hannu. Ana buƙatar siton don sababbin injuna. Duk abin da ba a shigar a kwamfuta ba zuwa ƙarshen wata, a kwashe shi. Tare da takardar aka turo Dakta, wata doguwar yarinya da ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba, mai saurin tafiya da saurin magana, irin mutanen nan masu cin abinci a tsaye. Ita ce ma ta roƙa a turo ta. Masunta sun daɗe suna kukan ƙananan kifaye sun gudu daga gaɓar, ita kuma tana zargin ruwan ne ya ƙara ɗumi har abincinsu ya canja. A duk faɗin gaɓar babu wani wuri da aka yi ƙirga kullum-kullum na shekara talatin sai a littattafan Mai Bokiti.

Ta buɗe na farko da zumuɗi, ta karanta. Ta jawo wani na bayan shekara goma, shi ma ta karanta. Rubutun tsaf-tsaf, kwanan wata daidai, ko kankara babu. Sai dai a layin da ya kamata a ga sunayen kimiyya, ga abin da ke ciki: Maɓallin Riga arba'in, Allura shida, Zif goma sha ɗaya, Mai Gidan Haya ɗari da sha biyu.

"Baba, mene ne kuma Mai Gidan Haya?"

"Ai mai ido ɗayan nan ne, mai dogon gashin baki," in ji shi.

Ta yi dariya har da dafe ciki, don ta gane kofifod yake nufi, ɗan mitsitsin dangin jatan-lande. Dariyar ba ta daɗe ba. Da ta ƙirga sai ta samu suna arba'in da uku, kuma babu ko ɗaya da za ka tarar a wani littafin kimiyya na duniya.

Yadda aka yi kuwa shi ne, yana ɗan shekara ashirin da shida ya zo garin da amaryarsa, daga can cikin ƙasa, inda babban ruwan da suka sani shi ne tafkin da ke ƙafewa da rani. Ba su san kowa ba. Wankin kwalabe aka ɗauke shi yi. Shugaban tashar na lokacin, wani tsohon Farfesa mai yawan tari, ya lura yaron na da haƙurin kallo, ya zaunar da shi gaban madubi ya koya masa ƙirga. Ido ya kama, amma harshe ya ƙi. Sunayen nan masu tsawon igiyar shanya sun ƙi zama a bakinsa sam. Da Farfesa ya gaji sai ya ce masa ya kira su duk abin da ya ga dama, sharaɗin ɗaya ne: suna ɗaya ga halitta ɗaya, kuma kada ya taɓa canjawa har abada.

Shi kuwa bai iya raɗa suna ba. Matarsa ce ta iya. Tela ce, Tela ma yake kiranta, tana da keken ɗinki a ɗakinsu na haya amma ba mai kawo mata ɗinki tukuna. Watanninta na farko kuka ta riƙa yi, wai tekun nan ba ya yin shiru, mutum ba ya ko jin tunanin kansa. Don ya rage mata zaman kaɗaici sai ya fara zuwa da ita ɗakin bincike ranar Asabar, lokacin da ba kowa. Ranar farko ta ɗora ido a madubi ta yi baya da sauri tana salati. Ta sake leƙawa, ta ce, kai, wa ya zubar da maɓallai a ruwa? Daga nan aka fara. Siriri mai tsini ya zama Allura. Masu haɗuwa a jere suka zama Zif. Mai buɗewa yana rufewa ya zama Lema, mai layukan gashi a jiki ya zama Mataji. Mai gidan da suke haya ido ɗaya gare shi da gashin baki, saboda haka ba a sha wahalar nemo wa kofifod suna ba. Maɓallan kuwa, inda shi yake ganin iri biyu, ita bakwai ta ware, don idon tela ba ya haɗa maɓallin riga da na kwat. Farfesa ya duba ya ce wallahi ta yi daidai, bakwai ɗin ne.

Haihuwa ba ta zo musu ba. Sun jira, sun je asibiti, sun sake jira, har suka daina tayar da maganar. Ba su taɓa faɗa wa juna ba, amma shi ya sani, ita ma ta sani, sunayen da suka rasa wanda za su raɗa wa ne suka juye a teku. In ya dawo da yamma ba ta tambayarsa ya aiki. Cewa take ya yaran, Zif ya yi yawa yau? Shi kuma ya zauna ya ba ta labari tana taka keke.

Farfesa yana da takarda guda da ya manna a cikin ƙofar kabad ɗinsa, sunan Tela a hagu, na kimiyya a dama. Ya rasu shekara sha biyu da suka wuce, aka fitar da kabad ɗin, ba wanda ya san inda ya nufa. Waɗanda suka biyo bayansa zafin ruwa da gishiri kawai suke karɓa a ƙarshen wata. Ba wanda ya ce ya ci gaba da ƙirga, ba kuma wanda ya ce ya daina, shi kuma ya ci gaba.

Dakta ta ce abin ai mai sauƙi ne. Tana da hotunan duk halittun gaɓar a kwamfutarta, za ta riƙa nuna masa yana faɗin sunan, su sake gina takardar Farfesa. Saura kwana goma sha biyu, ya ishe su. Ya ce to, Allah ya kai mu. Amma akwai abin da bai gaya wa kowa ba.

Shekara biyu ke nan idonsa na cin amanarsa. Gefe-gefe yana gani sarai, shi ya sa yake tafiya a gada ba ya tuntuɓe, ba wanda ya lura. Amma duk abin da ya ƙura wa ido sai tsakiyarsa ta dushe. A asibiti sun ce masa gyara babu, sai dai a rage saurin abin. Lambobin ma'auni yana karanta su da gilashin ƙara girma, yana karkata kai kamar kaza. Madubi kuwa ya gagara. Wata goma sha huɗu ke nan layin ƙirga fari fat yake a littafi. Kullum sai ya ja raga sau biyar, ya zuba wa ruwan maganin da ke hana shi lalacewa, ya rubuta kwanan wata da manyan baƙaƙe, ya jera kwalbar a sito. A faɗi gaskiya a kansa, bai taɓa ƙirƙiro lamba ko ɗaya ya rubuta ba.

Kwana biyun farko ya yi ta maza. Masu siffa a fili yana gane su da wutsiyar ido: Lema, Allura, Mataji, Almakashi. Suka samu goma sha tara. Rana ta uku aka zo kan maɓallai. Ta nuna hoto, ya karkata kai, ya ga wani abu zagayayye mai hazo a tsakiya, ya ce Maɓallin Kwat. Suka wuce. Bayan hoto shida ta sake nuna wani, ya ce Maɓallin Riga. Sai ya ji ta daina danna kwamfutar. Ashe hoto ɗaya ne ta nuna masa sau biyu. Ba mugunta ba ce, haka aikinsu yake, ba a yarda da amsa sai ta maimaita kanta.

Ta tashi ta shiga sito, ta dawo da littafi na ƙarshe, ta buɗe shi a gabansa daidai fararen layukan.

"Baba, tun yaushe?"

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, shi da ya haife ta a shekaru. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. A hankali ta yi masa bayani cewa ba za ta iya shigar da sunan da ba ta tabbatar ba, don suna na kuskure ya fi babu suna ɓarna. Kuma maɓallan nan su ne zuciyar maganar. Dayatom ake ce musu, su ne ciyawar teku, da su komai yake farawa. Wasu ruwan sanyi suke so, wasu na ɗumi. In ba a san wane maɓalli ne ya ragu wane ya ƙaru ba, littattafan sun zama takardar ƙunshe kaya. Ta ƙara da cewa maganar idonsa ma dole ta sanar.

"Ni a sallame ni, Dakta, na yarda," in ji shi. "Littattafan dai kada a zubar."

Ta rufe littafin, ta mayar da shi sito.

Da la'asar ya kama hanyar gida, ta bayan kasuwar kifi, ya hau benen da suka koma shekara ashirin da suka wuce, ɗaki da falo a hawa na biyu. Maƙwabciyarsu, wadda ke zama da Tela in yana wurin aiki, ta ba shi rahoton yini a bakin ƙofa: ta ci kaɗan, ta sha magani, ta nemi fita sau biyu. Ya yi mata godiya ta tafi. Ya yi sallama a ƙofar gidansa, ya jira a ba shi izini.

Shekara biyar ke nan da ciwon ya fara. Da fari almakashi aka tsinta a firij, suka yi dariya. Daga baya ta ɗinke wuyan rigar mutane ruf, ba a yi dariya ba. Yanzu keken na lulluɓe da zane a lungu, ita kuma in ya shigo sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta gaishe shi da ladabi, ta ce sannu da zuwa Malam. Sannan ta tambaye shi ko ya ga maigidanta a hanya, yana aiki a bakin teku. Da farko yakan ce ai ni ne, Tela, dube ni. Sai ta firgita ta yi ta kuka. Ya koyi cewa yana hanya, yanzu zai iso, sai hankalinta ya kwanta. A falo yake kwana kan doguwar kujera, don ba za ta yarda baƙon namiji ya shiga ɗakinta ba. Shi ke dafa mata abinci, shi ke wanke mata kaya, ita kuma tana yaba kirkinsa, tana cewa in maigidanta ya dawo za ta faɗa masa. Kaɗaici dai ya san shi iri-iri, amma bai san wanda ya kai na zama da mutumin da yake jiranka alhali kana gabansa ba.

Yininta a kan wani tsohon gwangwanin alewa take yin sa, cike da maɓallai. Ta zazzage su a tire, ta ware su kashi-kashi, ta mayar, ta sake zazzagewa. Ranar ma haka ya same ta, hasken yamma na shigowa ta taga. Ya zauna nesa kaɗan, inda ba zai takura ta ba. Abin ya cika masa ciki, ba kuma wanda zai gaya wa, sai ya kama magana shi kaɗai kamar yadda ya saba yi kwanan nan. Ya ce za a zubar da su duka, da Zif, da Lema, har Mai Gidan Haya.

Sai ya ji ta tuntsire da dariya.

"Mai ido ɗaya? Wannan ai ko an zubar da shi sai ya dawo."

Ya fi shekara rabon da ya faɗi wani abu nasu na su biyu ta amsa. A hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi, ya tambaye ta maɓallai nawa ne a teku. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce bakwai mana, ta lissafo su tiryan-tiryan, hannunta na ci gaba da aikinsa a tire.

Bai so ba. Shekara biyar yana rufa mata asiri, ko mai gadi bai san halin da take ciki ba, ga shi yanzu zai kawo baƙuwa ta zauna ta gwada ta kamar 'yar makaranta. Ya kwana biyu yana juya maganar. Amma a duniya ido huɗu ne kawai suka rage da suka san maɓallan nan da sunayensu, biyu sun mutu a kansa, biyu na nan garau a kanta.

Dakta ta saurare shi, kuma ya ji a muryarta ba ta sa rai ba. Ta dai ce za ta zo, don ba ta da wata dabara. Ya ce ta zo da hantsi, lokacin ne kan Tela ya fi washewa.

Ranar Asabar, bayan ya gama da bokiti, suka hau benen tare. Dakta ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Mama. Tela ta ɗauka mai kawo ɗinki ce, ta dube ta sama da ƙasa ta ce wanda ya yanka mata rigar nan ya cuce ta a kafaɗa. Dakta ta ce gaskiya ne, Mama, amma yau wani abu ta kawo a duba mata. Ta miƙa mata kwamfutar hannu.

Shi yana tsaye jikin bango, ba ya ganin hoton, fuskar matarsa ma gefenta kawai yake samu. Sannan ya ji muryar da ya sani tun tana amarya, mai ɗan gatse, ta tela da aka kawo wa aikin da ta raina.

"Na Wuyan Hannu ne wannan. Wuce."

Dakta ta wuce. Na Kwat. Na Riga. Na Filo. Da aka zo wani, Dakta ta yi mata tarko, ta ce wannan ma ai na Riga ne ko? Tela ta ja tsaki ta ce yarinya ba ki da ido ne, na Riga ramukansa a jere suke daga tsakiya, wannan kuwa dubi haƙoran da ke bakinsa, Maɓallin Soja ne. Dakta ta juya hotuna, ta cakuɗa su, ta kawo wasu daban na halitta ɗaya, ta nuna sau biyu, sau uku. Ko sau ɗaya amsa ba ta canja ba. Matar da ba ta san ranar da ake ciki ba, ba ta san ta ci abinci ko ba ta ci ba, ta zauna daram tana gyara wa likitar kimiyya kuskure. Mai Bokiti ya ji alfahari ya cika shi har wuya, ya ji kuma kishi, wallahi kishi, na ƙwayoyin da ba a ko ganinsu da ido, don su ta riƙe.

Hantsi uku suka yi, don takan gaji ta fara neman mayafinta za ta tafi gida. Tsakanin nan Dakta ta kwaso tsofaffin kwalabe daga sito, na shekarun da idonsa ke lafiya, ta ƙirga abin da ke ciki da kanta, ta gwada da abin da ya rubuta a ranakun. Lambobinta da nasa suka yi daidai. Ta buga wa hedkwata waya a gabansa, da wata murya da bai san tana da ita ba, ta ce duk wanda ya taɓa littafi ɗaya a siton nan zai gamu da ita. Aka ce a tura littattafan babban ɗakin ajiya, a shigar da su shafi-shafi. Shi kuma aikinsa zai ƙare ƙarshen wata, da takardar yabo.

A hantsi na uku suka cike arba'in da uku. Dakta na shirin rufe kwamfuta sai ta ce saura ɗaya. A littattafan shekara huɗun ƙarshe akwai wani layi da ba suna, sai ɗan zane a gefe da jan layi a gurbin sunan, kuma lambobinsa sai hawa suke shekara bayan shekara. Ita ta gane shi daga zanen. Ɗan ruwan ɗumi ne, ba a taɓa ganinsa a wannan gaɓar ba sai lokacin, kuma shi ne babbar shaidar da take nema. Sunansa na kimiyya ba matsala, tana da shi. Gurbin hagu ne kawai babu komai.

Mai Bokiti ya tuna ranar. Ya zana shi da kyau, ya ninke takardar a aljihu, ya taho gida da sauri kamar yaro, shekara da shekaru rabon da a samu sabo. Ya buɗe ƙofa, Tela ta ja mayafi ta ce sannu da zuwa Malam. Ranar ce ta farko da ta kasa gane shi. Takardar ba ta fito daga aljihun ba.

Dakta ta nemo hoton ta miƙa. Tela ta daɗe tana kallo, ta kawo shi kusa, ta nisanta shi, ta karkata shi.

"Wannan baƙo ne. Ban san shi ba."

"To ki sa masa suna, Mama. Ke kika sa wa sauran."

"A'a," in ji ta, ta ture kwamfutar a hankali. "Ba na sa suna maigidana ba ya nan. Shi yake wahalar ɗebo su, tare muke yi. A bari ya dawo."

Ta juyo wajensa, ta gyara mayafi, muryarta cike da murnar da ya daɗe bai ji ba.

"Malam, don Allah in ka gan shi ka ce ya yi sauri. Ka ce masa an samu sabo."

"Zan faɗa masa," in ji shi.

Ya raka Dakta ƙasa. A matakala yana jin tana jan hanci tana ƙoƙarin ɓoyewa. Sai da suka kai bakin titi ta tambaye shi me za ta rubuta a gurbin, ko shi zai ba da suna, tunda shi ya fara ganinsa. Ya ce a'a, shi bai taɓa iyawa ba, ta bar shi haka. Ta ce to, Baba. Ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gaishe shi ta tafi da saurin nan nata.

Ya ɗan jima a bakin titi. Daga nan ana jin teku, ruwa na cika, ya san haka ba sai ya duba ba. Sannan ya hau benen a hankali yana dafa bango, ya tsaya a ƙofar gidansa ya yi sallama. Ya ji ƙarar maɓallai sun zube a tire, ta taso da sauri.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi," in ji shi. "Yana hanya."